Sulke Mai Rami

Wayar Maƙeri ta daina gane yatsansa. Na lura da haka wata safiya ina wucewa da bokitin wanke buroshi. Ya ɗora babban yatsa, wayar ta ƙi, ya goge shi a wando ya sake ɗorawa, ta sake ƙi. Gam ne ya bushe a fatar ya shafe zanen. A ƙarshe ya miƙo mini ya ce in danna masa lambobin, shi hannunsa ya zama na aro.

Maƙeri muke ce masa, amma bai taɓa dukan ƙarfe ba. Duk sulken da ake gani a shirin namu, da kwalkwali da garkuwa, daga soso mai tauri yake yanka su, irin wanda ake shimfiɗawa a ɗakin motsa jiki. Ya yanka, ya gasa da iska mai zafi har ya lanƙwasa, ya manne da gam. Daga nan sai su zo teburina. Ni ke mayar da soso ƙarfe: baƙin fenti tukuna, sannan ruwan azurfa da busasshen buroshi, sannan tsatsa a bakin kowace ƙusa ta ƙarya. Shi ya sa suke kirana Mai Tsatsa. Zane na karanta a jami'a, kuma Kawu, yayan mahaifiyata, shi ya kawo ni ɗakin kayan wasa. Shi ne babban tela. Riguna da wanduna da dogayen mayafan da mayaƙa ke ja a ƙasa, duk daga kekensa suke fitowa.

Shirin na talabijin ne, mai dogon zango. Labarin wani birni ne da aka gina a cikin haƙarƙarin wani dodo da ya mutu tun ba a san lissafi ba, kuma mazan birnin ba su da sana'a sai yaƙi. Wanda aka kashe, wani lokaci ya tafi ke nan. Wani lokaci kuma, idan masu kallo na sonsa, yakan dawo cikin rundunar da ake kira mutanen toka, fuska fari fat, sulke ruwan toka, ya ci gaba da fitowa kamar ba a yi komai ba.

Kayan maza su suka fi cin rai. Darakta yana son kafaɗa ta yi faɗi, ƙugu ya tsuke, wuya ya ɓace a cikin ƙarfe. Samarin 'yan wasa kuma kowa da roƙonsa a ɓoye: wannan a ƙara masa ƙirji, wancan a sa masa tudu a cikin takalmi don kada abokin karawarsa ya fi shi tsawo. Maƙeri yakan ce da za a tuɓe wa jaruman birnin sosonsu, akuya ma sai ta kore su daga ƙofa.

Kowane mayaƙi ba sulke ɗaya gare shi ba. Akwai sabo, akwai wanda na zuba wa ƙura, akwai wanda Maƙeri ya sassara da wuƙa domin bayan gumurzu. Idan kuwa aka ce a yi mai rami, to mutum ya gama. Ana huda shi daidai inda mashi zai shiga, a manna siririn tiyo ta ciki wanda jinin ƙarya zai biyo. Don haka mu ne ke fara sanin wanda zai mutu, tun kafin shi mai mutuwar ya ga takardar wasansa. Ƙa'idar ɗakin ita ce ba ma faɗa.

Ana shirin fara sabon zango Darakta ya shigo, ya tura ƙofa da ƙafa, ya ce a yi wa Kwamanda mai rami. A ƙarƙashin hammata ta hagu, in ji shi, inda ƙirjin sulke ya haɗu da baya. Marubuta sun yanke shawara ana son saurayi a ƙofar birni. Shi da kansa zai gaya wa dattijon idan ya sami sarari, kafin nan ba ya son ya ji maganar a bakin kowa. Kawu bai ɗago daga keke ba. Ya dai tsayar da ƙafarsa, ya tambaya ko a yanka masa na ruwan toka. Darakta ya ce a'a, ba sai an ɓata yadi ba.

Kwamanda shi ne mai tsaron ƙofar birni tun kashin farko na shirin. Sunan wasa ne, amma ya cinye nasa na gaskiya. Direbobi da masu shaguna da jikokinsa duk haka suke kiransa, matarsa ma idan ta bugo waya takan ce a ba ta Kwamanda. Kafin shirin ya daɗe yana yawon neman fitowa, yau a ba shi mai gadi, gobe gawar da ake ɗauka. Kawu ya san shi tun suna samari a wata ƙungiyar wasan dandali, lokacin da Kawu ke ɗinka rigunan sarakuna da tsohon labulen kakarmu. Gemun da ya tara domin wannan wasa ya kai ƙirji, kuma ya ƙi duk wani aiki da zai sa a aske shi.

Muka yi aikin ba hayaniya. Maƙeri ya huda, ya ƙona bakin ramin ya lanƙwasa shi ciki don ya yi kama da tsagar ƙarfe. Na shafa jini mai duhu a gefe, mai haske a tsakiya. Da ya bushe muka naɗe shi a cikin fiffiken dodo, wato wani tsohon tanti da aka yi wa fenti, muka tura can saman kanta, bayan kwalayen ƙahonni. Maƙeri har share ƙasa ya yi don kada ɗigon jan fenti ya tona mu. Kawu kuma ya ɗinka riguna biyu na ƙarƙashin sulke, masu auduga a ciki. Ɗaya ta ranar mutuwa ce, ita ma muka ɓoye ta. Ɗayar ta fitowar farko-farko ce, wadda Kwamanda zai zo gwadawa. A gida Umma ta tambaye ni me ke damun yayanta, don ya sauke ni a ƙofa bai shigo ya tsokane ta ba. Na ce aiki ne ya yi yawa.

Ranar gwaji Kwamanda ya iso da hantsi, da ledar lemo a hannu, ya ajiye ta a kan teburin yanka inda Kawu ya hana ajiye abin ci. Ya gaida Maƙeri, yana kiransa maƙerin katifa. Ni kuma ya tambaye ni ko har yanzu ban koyi magana ba, ya ce in gaida Umma. Sannan ya juya ga Kawu.

"Ɗan allura, kana nan da rai? Na zaci ka ɗinke kanka a cikin wando."

"Cire riga, mai tumbi. Ba ni da lokacin surutu."

Ya shiga bayan labule yana ba da labari. A hutun nan, in ji shi, ya koyi hawan doki na gaske, don ya gaji da zama a kan gangar da ake girgizawa a madadin doki a gaban koren ƙyalle. Ya faɗo har ya goge gwiwa, matarsa ta ce wa zai ba ta wani tsohon idan wannan ya karye. Ya kuma ba marubuta shawara: a zangon gaba a bar Kwamanda ya bar ƙofar nan haka, ya je ya nemo zuciyar dodon a ƙarƙashin birni. Sun ce za su duba. Maƙeri ya ce shawara ce mai kyau, ya sunkuyar da kai yana goge kwalkwalin da ya riga ya goge.

Kwamanda ya fito cikin rigar. Ruwan ƙasa ce mai duhu, ɗinkin layi-layi, wuya a tsaye, kuma ta zauna masa a kafaɗa daram. Kawu ya zagaya shi da fil a baki. A ciki ne ta matse. Wannan ba sabon abu ba ne, duk farkon zango haka ake yi. Kwamanda ya dawo daga hutu da ƙarin ciki, ya rantse yadin ne ya tsuke, Kawu ya zage shi, sannan ya juya rigar ya farke gefe ya saki ajiya. Ajiya ita ce rarar yadin da Kawu ke bari a cikin ɗinki, faɗin yatsu uku a kowane gefe, domin mutumin da zai dawo baɗi da wani jikin. Rigar mutuwa kaɗai yake yankewa kaf, saboda tiyon jini ta gefen yake bi, kuma babu wanda zai sake buɗa ta.

"Buɗe mini ajiyata," in ji Kwamanda, yana ɗaga hannuwa sama.

Kawu ya zare masa rigar, ya juya cikinta waje a kan tebur, ya ɗauki reza. Sai ya tsaya. Daga inda nake ina hango gefen. Ɗinki ne mai tsabta, an bi bakinsa da zare, babu ko faɗin farce a bayansa. Da farko na zaci musanya muka yi, muka ba shi wadda aka ɓoye. Amma wannan babu hanyar tiyo a jikinta. Kawu ya yanka su biyun ne a zama ɗaya, ɗaya a kan ɗaya, kuma almakashinsa ya bi su duka yadda ya saba bin rigar wanda ba zai dawo ba.

Kwamanda ya matso cikin singileti. Ya sa babban yatsa a bakin ɗinkin, ya bi shi tun daga hammata har ƙasa. Ya juya ɗaya gefen, shi ma ya bi shi. Babu wanda ya fi shi sanin ma'anar. Shekarun baya shi ne ya gano wannan ɗabi'a ta Kawu, har ya mayar da ita abin tsokana. Yakan kama saurayi ana jiran ɗaukar hoto, ya juya masa gefen riga, ya ce kai, je ka yi sallama da jama'a. Sai da Kawu ya yi fushi da shi sosai sannan ya bari.

Maƙeri ya yi sauri ya ce ai yadin ne ya ƙare, da ƙyar ma aka fitar da rigar. Kwamanda ya ɗaga kai ya dubi kanta. Bandir ɗin yadin yana nan a tsaye, ko rabi ba a ci ba. Maƙeri ya bi idonsa da kallo, ya koma ga kwalkwalinsa.

"Ta gaba ko ta baya?" Kwamanda ya tambaya.

Kawu ya ajiye rezar. Ya cire fil daga baki ɗaya bayan ɗaya, yana sokawa a ɗan matashin da ke ɗaure a wuyan hannunsa.

"Ta gefe. Ƙarƙashin hammata."

"Wa zai yi?"

"Ba a gaya mana ba."

"Kawo in gani."

Kawu ya ce ba a gama shi ba, fentin ma bai bushe ba. Kwamanda ya ce tunda gwaji ya zo yi, a gwada masa duka, ba zai yarda ya mutu a cikin sulken da ke mintsininsa ba. Maƙeri ya dubi Kawu. Sannan ya jawo tsani ya hau ya sauko da fiffiken dodo, ya warware shi a ƙasa.

Sa sulke aikin mutum biyu ne. Maƙeri ya riƙe ƙirji, ni na riƙe baya, muka haɗa su a jikinsa, muka ja maɗauran fata na kafaɗa, sannan na ƙugu, sannan guda ɗaya da ke tsakanin allon kafaɗu, wanda mai sulken ba ya iya kaiwa da kansa. Warin gam da fenti yana tashi daga sosan. Kwamanda ya tsaya a gaban dogon madubi, ya ɗaga hannun hagu, ya karkata yana kallon ramin. Ya zura yatsa a ciki har ya taɓo singiletinsa.

Ya ce jinin ya yi kyau. Na wanda aka kashe a gada bara, in ji shi, kamar an watsa masa ruwan tumatir, amma wannan ko shi da ya san soso ne sai da tsigar jikinsa ta tashi. Na ce na gode. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya dafa ƙasa, ya tambayi Maƙeri ko kafaɗar za ta tsage idan ya faɗi ta hagu. Maƙeri ya ce ya faɗi ta dama, ta haka ramin zai kalli kyamara kuma tiyon ba zai toshe ba. Suka gwada. Kwamanda ya kwanta a kan tantin, ya ce kwalkwalin zai danne masa gemu, ko dai a bar shi ya faɗo tun da wuri ya gangara gefe. Maƙeri ya ce za a sassauta igiyar haɓa. Suna maganar kamar yadda suke yin ta kowane zango, sai dai babu mai dariya. Kawu yana tsaye a bakin tebur, hannunsa a kan rigar da aka juya.

Da Kwamanda ya tashi ya kakkaɓe gwiwa, sai ya ɗauko zancen mutanen toka. Ya ce mai ido ɗayan nan ya dawo, maharbin nan ma da ko kalaman wasansa ba ya iya riƙewa ya dawo. Ya shafa gemu a madubi ya ce shi ba sai an wahala da shafa masa hoda ba, ya riga ya yi furfurarsa a gida. Bai dubi Kawu ba. Ya san yadda aikin ke tafiya. Sulken toka daga teburina yake farawa, ni ke zana shi, ni ke haɗa launin kafin Maƙeri ya taɓa wuƙa. Ya juyo gare ni.

"'Yata, an ce ki haɗa mini toka?"

Gwangwanayen ruwan tokar suna bayana a kan kanta, murafunsu sun bushe sun manne tun zangon da ya wuce. Na dubi Kawu. Kawu yana kallon rigar.

"A'a, Baba."

"Ba a ce ba tukuna, ko an ce a'a?"

"Kawu ya tambaya. An ce a'a."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To. Ashe kina magana."

Kawu ya jawo bandir ɗin yadin daga kanta, ya yanko dogon ƙyalle, ya farke gefen rigar ya fara haɗawa. Ya ce akwai sauran fitowa kafin ranar, kuma ba za a yi su mutum yana riƙe da numfashi ba. Kwamanda ya ce ya bari kawai, ɗan abin da ya rage zai iya tsuke ciki. Kawu ya zauna a keke. Na lura ƙyallen da ya yanko ya fi abin da ake buƙata faɗi nesa ba kusa ba.

Ana haka Darakta ya shigo, waya a kunne, wani dogon saurayi yana biye da shi. Ya kawo shi ne a auna masa kafaɗa. Ya nuna masa tsakiyar ɗaki ya ce ya tsaya nan ya buɗe hannuwa, sannan ya juyo ya ga Kwamanda a gaban madubi da rami a ƙarƙashin hammata. Ya kashe wayar.

Ya yi dariya tukuna. Ya ce wallahi yau ɗin nan yake shirin kiransa ofis su zauna. Ya ce wannan ce mutuwa mafi girma da shirin zai taɓa yi, kashi guda cur aka ware mata, za a rage gudun hoto, za a sa kiɗa, masu kallo sai sun yi kuka har su kashe talabijin. Ya ce babu ɗan wasan da ba zai so irin wannan fitar ba. Kwamanda yana sauraro, hannuwansa a gefe, yana kallon bakinsa. Da maganar ta ƙare, Darakta ya juya ga Kawu ya tambaya wa ya buɗe baki. Kawu ya ci gaba da taka keke. Maƙeri ya ce babu wanda ya buɗe. Darakta ya ce to sulken da ƙafarsa ya sauko? Ya ce ƙa'ida ɗaya ce tak ya kafa wa ɗakin nan, ita ma an kasa riƙewa. Maƙeri ya ajiye kwalkwalin, ya ce ranka ya daɗe, hutu guda ka yi kana neman sarari, mu kuma mutum ya zo mana da cikinsa da yatsunsa, ya za mu yi? Murya ta fara tashi. Saurayin yana tsakiyar ɗaki har yanzu hannuwansa a buɗe, don babu wanda ya ce ya sauke.

Kwamanda ya kwance maɗauran kafaɗa da kansa, ya kwance na ƙugu. Ya zo gabana ya juya mini baya. Na kwance na tsakanin allon kafaɗun. Ya zare sulken, ya rataye shi a kan gunkin gwaji, ƙirji da baya a haɗe, ya sa yatsa ya miƙar da tiyon inda ya lanƙwashe. Ya shiga bayan labule. Darakta yana cewa zai kai maganar sama, Maƙeri yana cewa ya kai, keken Kawu yana ta gudu a kan gefen rigar.

Kwamanda ya fito cikin kayansa na gida, ya tsaya ya sa takalmi, ƙafa ɗaya sannan ɗayar, yana dafe da bango. Ya bi ta tsakanin kwalayen garkuwa zuwa ƙofar baya, wadda ake shigo da yadi ta cikinta, ya buɗe ta daidai faɗin jikinsa, ya fita ya ja ta a hankali.